Lifidi

Lifidi wani irin kayan yaƙi ne da ake ɗinkawa da yadi ninki biyu, a cusa audugar rimi ko auduga a tsakani, sannan a bi shi da ɗinki layi-layi domin cushen ya zauna wuri ɗaya. Ana lulluɓe doki da shi, mahayin ma yana sa nasa, don kariya daga kibiya da mashi da saran takobi. Mahayan da ke sa shi su ne ake kira 'yan lifidi ko 'yan lifida. An yi amfani da shi ɗaruruwan shekaru a ƙasar Hausa da Borno da Bagirmi da Adamawa, har zuwa Sudan. Tun bayan zuwan Turawa a shekarar 1903 ya daina zama kayan fama, ya koma kayan ado na hawan sallah da sauran bukukuwan sarauta. Fuskar lifidi ta waje sau da yawa haɗin ƙyallaye ce masu launi daban-daban, shi ya sa ake lissafa shi cikin tsofaffin ayyukan haɗa ƙyalle da ɗinkin cushe na Afirka ta Yamma.

Asalin kalmar

Masana harshe na danganta kalmar da libd ta Larabci, wadda ke nufin gashi ko ulu da aka danƙare, irin wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sirdi. Kanuri ma suna da kalma mai kama da ita. Wannan ya dace da yadda manyan dawaki da sulke da wasu kayan doki suka riƙa shigowa ƙasar Hausa ta gabas da arewa. A Kano kalmar ta zama sunan sarauta: Lifidi shi ne shugaban 'yan lifidin Sarki, kuma sarautar tana cikin na bayin Sarki.

Tarihi

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a shekarar 1908, ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji (1390–1410) ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Littafin ya faɗi dalili: asarar mutane da aka yi a yaƙin Umbutu ta yi yawa. Shekarun da ake ba sarakunan wancan zamani lissafi ne da aka yi daga tsawon mulkin kowannensu, don haka kusan-kusan ne.

Kafin Kanajeji da kusan shekara ɗari uku Kano ta riga ta fara kewaye kanta. Littafin ya ce an soma ginin ganuwa a zamanin Gijimasu (1095–1134), ya kuma lissafa ƙofofi takwas, ciki har da Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Adama da Waika da Kansakali. Ganuwa da lifidi suna da alaƙa ta kusa. Garin da ke da ganuwa maharba ne ke tsaronsa daga sama, kuma duk rundunar da ke son cin sa sai ta matso gindin bango ko bakin ƙofa cikin ruwan kibau. Bakan ƙasar Hausa ba mai ƙarfin gaske ba ne, ƙarfin kibiyar yana ga dafin da aka shafa mata, wanda akasari daga ƙwanƙwani ake haɗa shi. Ƙwarzane kaɗan ya isa ya kayar da mutum ko doki. Aikin lifidi shi ne ya shanye kibiyar tun ba ta taɓa fata ba. Sulke yana tare sara, amma tsinin kibiya na iya kutsawa ta tsakanin zobbansa, ga shi kuma da tsada domin daga waje ake kawo mafi yawansa. Lifidi kuwa da kayan gida ake yin sa, da audugar da aka noma da rimin da ke bakin gari da allurar maɗinkin unguwa.

A ƙarni na 19 labarin lifidi ya yawaita a rubuce. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na shekarar 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da dawaki masu yawa har da 'yan lifidi, alhali jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙarƙashin jagorancin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu ƙalilan ne, yawancinsu maharba ne a ƙasa. Duk da haka Gobirawa ne aka kora. Wannan ya nuna cewa lifidi shi kaɗai ba ya cin yaƙi. Amma da daular Sakkwato ta kafu, sarakunanta ba su yar da shi ba, sai ma suka tara nasu 'yan lifidin.

Matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya ga 'yan lifidi a fagen fama a watan Oktoba na shekarar 1826, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa garin Konya na Gobirawa hari. Ya ba da labarin cewa nauyin kayan ya kai sai an taimaki mahayi kafin ya hau doki, kuma doki ba ya iya sauri da shi. Ya kuma ga yadda harsashin bindiga daga cikin gari ya huda lifidin wani da ke kan gaba ya kashe shi. A wannan shekarar ce aka buga littafin tafiyar Denham da Clapperton ta farko a Landan, ɗauke da zanen wani ɗan mashin Sarkin Bagirmi, shi da dokinsa cikin lifidi. Zanen yana cikin hotunan lifidi mafi daɗewa da aka sani.

Bindiga ta daɗe a Kano kafin wannan lokaci, domin Sarki Babba Zaki (1768–1776) ya riga ya kafa 'yan bindigarsa. Sai dai bindigar ɗuri ba ta da yawa, ga jinkirin ɗuri, ga kuskure, don haka lifidi ya ci gaba da amfani har ƙarshen ƙarnin. Abin da ya kawo ƙarshensa shi ne makaman Turawa. An ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka gwabza a Kwatarkwashi a ƙarshen watan inda Waziri Ahmadu ya rasu, Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, aka ƙare a Burmi cikin watan Yuli. A gaban bindiga mai jigida da igwa, cushen auduga ba ya tare komai.

Sassan lifidi

Na doki ya kasu gida-gida: mai rufe ƙirji da kafaɗu, mai rufe gindi da cinyoyi ya sauko kusan gwiwa, da mai rufe wuya da kai wanda ake bar wa kafar idanu da kunnuwa. Ana yin sa a rarrabe ne domin doki ya iya tafiya, kuma a samu wurin sirdi da majayi da likkafa. Na mahayi kuwa akwai safa mai rufe ƙirji da baya, da banten lifidi mai rufe mara da cinyoyi, da kumakumi. A kai sai kwalkwali, wanda shi ma ake yi wa cushe daga ciki, a ƙawata shi da gashin jimina.

Ba kowane mahayi ke samun lifidi ba. Yana buƙatar babban doki mai ƙarfi, da masu hidima da za su ɗauki kayan a sa masa sai an kusa fama, domin ba a doguwar tafiya da shi cikin zafi. Saboda haka yawanci Sarki ne da manyan hakimai ke mallakarsa, su ba bayinsu da barorinsu amintattu. Aibinsa uku ne sanannu: nauyi, da zafi, da wuta. Mahayin da ya faɗo ba ya tashi da sauƙi, kuma abokan gaba sun san cewa kibiya mai wuta na iya cinna masa gobara.

Audugar rimi

Abin cushen da aka fi sani shi ne audugar rimi, bishiyar da masana tsirrai ke kira Ceiba pentandra. Rimi na daga cikin manyan itatuwan ƙasar Hausa, ya ba wurare da yawa suna, kamar Rimin Gado a jihar Kano da Rimin Tsiwa a birnin Zariya. 'Ya'yansa kan bushe su fashe da rani, a tsince audugar a raba ta da ƙwayoyin.

Silin audugar rimi ɓarmi ne, cike da iska, kuma bayansa na da maiƙo kamar kakin zuma. Wannan ne ya sa ba ta da nauyi, ba ta saurin jiƙa, kuma tana komawa yadda take idan an danna an saki. A ƙasashen Turai an yi ta cusa ta a rigunan ceto na jiragen ruwa har tsakiyar ƙarni na 20. Amma santsin nan nata da saurin karyewarta ne suka hana a kaɗa ta ta zama zare, shi ya sa aikinta ya tsaya a katifa da matashi da lifidi. Ga maɗinki santsin matsala ce babba. Auduga ta gona silinta na riƙe juna, tana iya kwanciya shimfiɗe. Ta rimi kuwa gudu take yi, in ba a tsare ta da ɗinki ba sai ta zube ta taru a ƙasa, saman ya zama yadi zalla, wato daidai wurin da kibiya za ta shiga. Layukan ɗinkin da ake gani a jikin lifidi tun asali ba don ado aka yi su ba, shinge ne. Tana kuma kama wuta nan da nan, saboda iskar da ke cikin silin.

Ɗinki da hannu

A da duk aikin da allura ake yin sa. Yadin ciki, wato shafi, saƙar hannu ne mai kauri, irin wanda ake saƙawa siriri a haɗa shi gefe da gefe. Na waje kuwa ya danganta da ƙarfin mai shi: rinannen yadi na baba, ko jan mulufi da sauran yadin da fatake ke kawowa ta hamada. Yadin waje mai launi yana da tsada, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa haɗa ƙananan ƙyallaye ya dace da lifidi: guntun da ya rage daga riga ko alkyabba ba ya tafiya a banza. Ana yanka ƙyallayen murabba'i ko masu kusurwa uku, a jera ja da fari da baƙi da rawaya, su ba da zane mai fitowa daga nesa. Launin yana kuma taimakawa a gane mutanen wane ne a cikin ƙura.

Hanyar ɗinkin cushe iri biyu ce. Ko dai a shimfiɗa shafi, a baza auduga a kai, a rufe da fuskar waje, a bi da basilla ana huda ninki ukun gaba ɗaya, ko kuwa a fara ɗinke yadin biyu layi-layi a bar bakinsu buɗe, sannan a riƙa tura auduga cikin kowane layi da sanda har ya cika ya yi tauri, a ɗinke bakin. Ta biyun ta fi dacewa da rimi, ta kuma fi ba da kauri. Ƙwarewa tana ga tazarar layukan. In sun matsu da yawa cushen ya yi kaɗan, kuma kowane layin ɗinki wuri ne marar kauri. In sun yi nisa da juna audugar ta samu wurin gudu.

Ɗinki da keke

A shekarar 1851, wadda Heinrich Barth ya iso Kano ya yi mamakin yawan saƙa da rinin birnin, a ita ce Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa a Amurka. Keken ya bazu a ƙasar Hausa ne a zamanin Turawa, musamman bayan isowar jirgin ƙasa Kano a shekarar 1911. Ya tarar da lifidi ya riga ya bar fagen yaƙi, don haka lifidin da aka ɗinka da keke na ado ne tun farkonsa.

Inda keke ya fi amfani shi ne haɗa ƙyallaye. Aikin da zai ci kwanaki da allura yana ƙarewa cikin sa'o'i, kuma ɗinkin keke, da yake zare biyu ne ke sarƙe juna, na sama da na kwarkwaro, ba ya warwarewa da sauƙi. Ana haɗa ƙyallaye su zama layi, a goge bakin ɗinkin da dutsen guga ya kwanta, sannan a haɗa layi da layi ana lura kusurwoyi su haɗu daidai. Kuskuren yanka da bai kai faɗin tsinke ba, in ya maimaitu a ƙyalle ashirin, sai ya karkatar da zanen duka, kuma a jikin doki karkatar ba ta ɓoyuwa.

Wahalar tana ga ɗinkin cushen. Keken tela na yau da kullum, irin Singer ko Butterfly, haƙoransa na ƙasa ne ke jan yadi, ƙafarsa ta sama kuwa dannewa kawai take yi. In abin ɗinkin ninki uku ne mai kauri, sai na ƙasa ya riƙa tafiya ya bar na sama a baya, fuskar ta tattare. Maganinsa shi ne a fara kama ninkin uku da dogon ɗinkin hannu na wucin gadi, a zana layuka da alli, a tsawaita takun allura, a sassauta zare, a kuma fara daga tsakiya ana fita zuwa gefe domin rarar yadi ta samu mafita. Ɓangaren da ba a kai ba tukuna ana naɗe shi kamar tabarma don ya wuce ta wuyan keken. Cushen da ya kai kaurin na yaƙi ba ya shiga ƙarƙashin ƙafar keke ko kaɗan, sai dai a bi hanyar nan ta ɗinke layuka tukuna a cusa daga baya. Ga lifidin ado ana iya sa soso a madadin rimi, domin yana zuwa a shimfiɗe, kaurinsa ɗaya, ba ya gudu. Ya fi sauƙin ɗinki nesa ba kusa ba, amma yana riƙe zafi, yana shan gumin doki, kuma yana ruɓewa ya zama gari bayan 'yan shekaru. Bakin kewaye da igiyoyin ɗauri da wuraren da ke gogar sirdi har yanzu hannu ya fi iya su, sau da yawa da ƙarin fata.

Lifidi ba kayan shago ba ne da ake ɗauka a tafi, aikin oda ne. Mai doki ko wakilin hakimi ne ke zaɓar launi, a auna dokin daga ƙirji zuwa gindi da kuma daga doro zuwa gwiwa, a ba da kafin alƙalami, a sa ranar karɓa, wadda kusan kullum gab da sallah ce. Awon yana da muhimmanci fiye da na riga. Ɗinkin cushe yana cinye yadi, abin da aka yanka daidai zai fito a takure bayan an cusa shi, don haka dole a bar rara. In kuma ya yi tsawo sai ya harɗe ƙafafun doki a tsakiyar taro. A Kano kayan aikin suna kusa da juna: yadi a Kantin Kwari da ke Fagge, zare a kasuwar Ƙofar Wambai wadda ke maƙwabtaka da Ƙofar Mazugal, kayan doki kuma a Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499).

Makamantansa a wasu ƙasashe

Sulken yadi mai cushe ba na Afirka kaɗai ba ne. Mayaƙan Turai na tsakiyar zamani suna sa irinsa a ƙarƙashin sulken ƙarfe, ɗaya daga cikin sunayensa ma daga kalmar Larabci ta auduga aka samo shi. Mutanen Aztek na Meziko suna da nasu na auduga, wanda sojojin Sifaniya suka ara da suka ga yana tare kibiya. A Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai lifidin doki daga Sudan, na zamanin Mahadi, wanda aka kwasa bayan yaƙin Omdurman na shekarar 1898. Haɗin ƙyallaye ne masu launi, cike da audugar rimi, kuma duk wanda ya san lifidin ƙasar Hausa zai gane shi da gani. Dabarar ɗinkin ita ce ta bargon haɗin ƙyalle da matan Amurka suka shahara da shi, da kanta na Bangaladash, da ralli na Pakistan, sai dai can abin rufa ne na barci.

Lifidi a yau

Ana ganin 'yan lifidi a hawan sallah na Kano da Katsina da Zazzau da sauran masarautu, da wajen sarakunan Fulani na arewacin Kamaru, da Dosso a Jamhuriyar Nijar. Sun fito a babban hawan da aka yi wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu a Kaduna a shekarar 1956, da na bikin FESTAC a 1977. A Kano suna cikin tawagar Sarki a Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, da Hawan Dorayi ko na Fanisau. Tafiyarsu a hankali take, ba sa cikin masu sukuwa.

Da yake kasuwar lifidi ta dogara ne ga waɗannan 'yan kwanaki na shekara, duk abin da ya taɓa hawa yana taɓa masu ɗinkinsa. An dakatar da hawan sallah a shekarar 2020 saboda annobar korona. A Babbar Sallar 2024 da kuma Ƙaramar Sallar 2025 'yan sanda sun hana hawa a Kano bisa dalilan tsaro, a daidai lokacin da ake taƙaddama a kan sarautar Kano. A tsakanin waɗannan hani biyu, cikin watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a taron da ta yi a birnin Asunsiyon na ƙasar Paraguwai.